Man ƙamshin tsirrai: da gaske yana kashe ciyawa da ƙwayoyin cuta, ko a ɗakin gwaji kaɗai yake aiki?

Manomin_Fadama:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai. A gefen gonata ta gabas akwai layin bishiyoyin turare, waɗanda wasu ke kira zaiti, da aka dasa tun mahaifinmu yana da rai domin su tare iska. Kowace damina, daga gindinsu zuwa kamar taku goma, ƙasa fes take kamar an share. Ko ƙarangiya da ba ta zaɓen wuri sai ɗai-ɗai, geron da ya fito a wurin kuwa tsumburewa yake yi. Ɗana da ke karatun kimiyyar sinadarai a jami'a ya ce man ƙamshin da ke cikin ganyen ne ke hana tsiro, kuma wai irin wannan man yana kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya. To idan haka ne, me ya hana a tatso shi mu riƙa feshi da shi a madadin maganin ciyawar kanti da kullum kuɗinsa ke hawa, a kuma yi magani da shi a asibiti? Bayani nake nema daga tushe, ba tallar masu sayar da kwalabe ba.

Malamin_Kimiyya:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ɗanka bai faɗi ƙarya ba, sai dai maganar tana da rassa, kuma ya kyautu mu fara sanin abin da ake kira man ƙamshi kafin mu kai ga aikinsa. Idan ka murje ganyen turare ko na ɗoɗɗoya a tafin hannu, ko ka matsa ɓawon lemo kusa da ido ka ji yaji, abin da ya fito shi ne wannan man, wanda tsiro ke ajiyewa a wasu ƙananan jakunkuna a ganye ko ɓawo ko fure ko saiwa. Ba ɗaya yake da man gyaɗa da man ja da man kaɗe ba, domin waɗannan kitse ne mai nauyi da ba ya tashi, shi kuwa ƙwayoyin sinadarinsa ƙanana ne, iska na kwashe su, shi ya sa hanci ke jin su. Mafi yawansu daga dangin da ake kira tarfin suke, waɗanda tsiro ke ginawa da tubali mai kabon 5. Idan ya haɗa tubali biyu sai a samu mai kabon 10, kamar limonin na ɓawon lemo, da siniyol na turare, da sitral na ciyawar shayi mai ƙamshin lemun tsami. Idan ya haɗa uku sai a samu mai kabon 15, kamar wanda ya fi yawa a man citta. Akwai wani dangi na daban da ya ƙunshi yujinol na kanumfari da sinadarin da ke ba kirfa ƙamshinta. Man tsiro guda yana ɗauke da gomman sinadarai, amma galibi biyu ko uku ne ke rinjaye. A man kanumfari yujinol kaɗai yana kai kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari.

Hanyar tatsarsa kuwa ita ce ta tururi. A zuba ganye a tukunya mai murfi, tururin ruwa ya ratsa shi ya kwaso man, a bi da tururin ta bututun da aka sanyaya da ruwa, ya koma ruwa ya ɗiga a kwalba, man ya taso sama a kwashe. Abin sha'awar shi ne, siniyol ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 176, yujinol kuma sai wajen 254, amma idan suka bi tururi sai su fito kafin a kai digiri 100, saboda haka ba sa ƙonewa.

Hajiya_MaiHumra:
Malam, Allah ya ƙara basira. Ni sana'ata haɗa humra da turaren wuta, shekara sha biyar ke nan, kuma ina da gyara ɗaya tak a bayaninka: ba kowane man ƙamshi ne ke tasowa saman ruwa ba. Man kanumfari na gaske nutsewa yake yi, haka ma na ɓawon kirfa, kuma da wannan nake gane wanda aka cakuɗa. Wata hanyar da na koya daga uwar ɗakina ita ce a ɗiga man a kan farar takarda a ajiye a inuwa. Idan bayan kwana ɗaya takardar ta bushe sai ɗan launi da ƙamshi, to man na kirki ne. Idan ta bar tabon maiƙo irin na takardar ƙosai, an surka shi da man girki. Tambayata ita ce, man darbejiya da man habbatus sauda da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci, su ma suna cikin wannan rukuni?

Malamin_Kimiyya:
Na karɓi gyara, Hajiya, gaskiyarki ce; yujinol ya fi ruwa nauyi, ni ne na yi kuɗin goro. Game da tambayarki, man darbejiya matso shi ake yi daga ƙwallo kamar yadda ake matsar gyaɗa, saboda haka kitse ne, kuma sinadarin da ke hana ƙwari cin ganye a cikinsa, wato azadiraktin, ba ya tashi a iska. Man habbatus sauda na kasuwa shi ma matsattse ne, sai dai yana ɗauke da ɗan ƙaramin kaso na mai tashi, inda taimokwinon yake. Idan kika ɗiga su a takardarki duk biyun za su bar tabo, kuma wannan ba ha'inci ba ne, halittarsu ce haka.

Tsohon_Gandu:
Bari in koma kan gonar Alhaji, domin na yi shekara talatin da biyu ina aikin gandun daji kafin in yi ritaya, kuma wannan ƙorafin na manoman da ke maƙwabtaka da layin turare na ji shi har na gaji. Kada a yi saurin ɗora wa man ganye laifin duka. Irin turaren da aka fi dasawa a Kano da Jigawa da Katsina, wato Eucalyptus camaldulensis, ɗan asalin Ostareliya ne, a bakin koguna yake rayuwa a can, kuma saiwoyinsa na gefe suna tafiya nesa a ƙarƙashin ƙasa suna zuƙe danshi. A yankin Dambatta an yi bincike a kan gero da ke kusa da irin waɗannan layuka, aka haƙa rami aka datse saiwoyin da ke shiga gona, sai geron da ke kusa da bishiyoyin ya farfaɗo ya ba da amfani fiye da inda ba a datse ba. Ganyen yana nan yana zuba kamar kullum, ƙamshin yana nan, abin da aka cire kawai shi ne gasar ruwa. Saboda haka, Alhaji, kafin ka sayi tukunyar tatsa, ka ɗauki 'yan ƙwadago su haƙa maka rami mai zurfin ƙugu a tsakanin layin da gonarka, ka ga abin da damina mai zuwa za ta nuna.

Baban_Ummi:
Ni dai a ganina manyan kamfanonin magani ne ba sa so a san amfanin waɗannan itatuwa, don kada kasuwarsu ta mutu. Kakanninmu da me suka rayu? Ruwa ba ya tsami banza, tunda ciyawa ba ta fita a gindin turare, akwai abin da ke kashe ta.

Malamin_Gona:
Malam Baban Ummi, da kamfanonin suna ɓoye wannan ilimi da ba su gina kasuwarsu a kansa ba. A shekarar 1977 wani ma'aikacin kamfanin sinadarai a Kalifoniya ya lura ciyawa ba ta fita a gindin wata itaciyar ado mai jan fure 'yar asalin Ostareliya, Callistemon citrinus, daidai irin lurar da Alhaji ya yi a gonarsa. Aka bincika aka gano sinadarin leftosfamon, wanda ke sa sabon ganyen ciyawa ya fito fari fat ya mutu. Sai dai ƙarfinsa bai kai a yi kasuwanci da shi ba, saboda haka masana suka shafe shekaru suna sauya masa siffa har suka samar da mesotiriyon, wanda kamfanin Syngenta ya fitar a 2001 da sunan Callisto, kuma har yau ana fesa shi a gonakin masara a ƙasashe da dama. Akwai kuma sinmetilin, maganin ciyawar da aka ƙera a kan siffar wani ɗan'uwan siniyol ɗin nan na turare. Ka ga tsiron ne ya nuna hanya, amma sai da aka ƙara wa sinadarin ƙarfi da juriya kafin ya iya zaman gona.

Maganar Baba Tsohon_Gandu kuma ta tuna mini wata taƙaddama da ta shahara a wannan fanni. Tasirin da tsiro ke yi wa maƙwabcinsa ta hanyar sinadari, masanin Ostiriya Hans Molisch ne ya raɗa masa suna alilofati a 1937. A shekarun 1960 Cornelius Muller ya yi nazarin wani ƙaramin itace mai ƙamshi, Salvia leucophylla, a tsaunukan Kalifoniya, inda kowane kurminsa ke kewaye da fili ƙwal babu ciyawa, ya ce kafur da siniyol da ke tashi daga ganyen ne ke sauka a ƙasa su hana iri tsirowa. Bayanin ya karɓu sosai, har sai da Bruce Bartholomew ya zo a 1970 ya kafa kejin waya a cikin wannan filin, sai ga ciyawa ta fito a cikin kejin. Ashe zomaye da ɓeraye da tsuntsayen da ke fakewa a kurmin ne ke fitowa su cinye iri da tsiron da ke kusa. Wannan bai nuna sinadarin ba ya komai ba, amma ya koya wa masana cewa fili ƙwal a gindin itace yana iya samun dalili uku ko huɗu a lokaci guda.

Ɗalibar_Bakteriya:
Ina neman izinin iyayena malamai in sa baki a ɓangaren bakteriya, domin a kansa na yi aikin kammala digirina. Yadda man ke kashe su ba ɓoyayye ba ne. Kowace ƙwayar bakteriya tana lulluɓe da wani siririn tantani na maiƙo, wanda shi ke tsare abin da ke ciki, kuma a jikinsa take samar da ƙarfin rayuwa. Sinadaran man ƙamshi ba sa son ruwa, maiƙo suke nema, saboda haka suna kutsawa cikin tantanin su sassauta shi har ya fara yoyo, gishirin fotasiyam da sauran abubuwan ciki su zube, ƙwayar ta mutu. Waɗanda suka fi ƙarfi su ne masu siffar finol, wato taimol da karbakrol da yujinol, tare da sinadarin kirfa. Limonin da fainin kuwa, duk da ƙamshinsu, rauni gare su. Haka kuma bakteriya ba ɗaya suke ba. Tun 1884 Hans Christian Gram na ƙasar Denmak ya samar da rinin da ya raba su gida biyu. Masu riƙe rinin, irin su Staphylococcus aureus mai kawo maruru, sun fi saurin mutuwa. Waɗanda ba sa riƙewa, irin su Escherichia coli, suna da ƙarin riga ta waje da ke tare abu mai maiƙo, Pseudomonas aeruginosa kuwa ta fi kowa taurin kai, har da famfon da take fitar da gubar waje.

Abin da ya same ni shi ne, na ɗiga man ciyawar shayi a kan 'yar takardar gwaji na ɗora a tsakiyar farantin da na shuka Staphylococcus, washegari na tarar farantin duka fes, babu ƙwaya ko ɗaya. Na yi ta murna har na kira gida na ce na gano abin da ya fi maganin asibiti. Malamar da ke duba aikina ta ɗauki farantin ta buɗe murfin ta miƙo mini ta ce in shinshina. Ƙamshin sitral ya cika shi. Man ya tashi ya cika rufaffen farantin ne, ya kashe komai ta sama, ba wai ya ratsa abincin gwajin ba. Sai da na sake aikin daga farko ta hanyar tsarma man a ruwan abinci mataki-mataki don gano mafi ƙarancin adadin da ke hana girma, a nan ne na ga cewa abin da man ke yi da ɗaruruwan maikurogiram a kowace mililita, antibayotik na asibiti yana yin sa da ɗaya ko ƙasa da haka.

Mai_Harhaɗa_Magani:
Allah ya yi miki albarka, ƙanwata, kin taɓo inda gizo ke saƙar. Antibayotik irin su fenisilin suna kai hari ne a kan abin da bakteriya ke da shi mu ba mu da shi, wato bangon ƙwayarta, shi ya sa mutum zai sha ya kashe cutar shi kuma ya tsira. Man ƙamshi kuwa tantanin maiƙo yake lalatawa, kuma ƙwayoyin jikinmu ma da irin wannan tantanin suke lulluɓe. Adadin da zai kashe bakteriya a cikin jini zai cutar da mai jinin, ga shi kuma hanta tana sarrafa shi ta fitar cikin ɗan lokaci. Wannan ne ya sa amfaninsa ya tsaya a waje: fata, baki, tsabtace wuri. Ina roƙon iyaye mata da ke wannan zaure su ajiye man turare da man kanumfari da kafur inda hannun yaro ba zai kai ba, domin cokalin shayi ɗaya na man turare yana iya jefa ƙaramin yaro cikin jijjiga da suma, man kanumfari kuma idan yaro ya sha yana lalata hanta. Kada kuma a shafa tsantsarsa a fatar jariri ko a ɗiga masa a hanci wai don mura.

Likitan_Haƙori:
A namu fannin dai kanumfari ba baƙo ba ne. Fiye da shekara ɗari ana kwaɓa yujinol da farin garin zinki a cike ramin haƙori na wucin gadi, kuma shi ne ƙamshin da ke tarar mutum a ƙofar ɗakinmu. Yana kwantar da zogi yana kuma rage ƙwayoyin cuta a wurin. Ruwan kurkure baki na Listerine ma taimol da siniyol da mentol ne a cikinsa tare da wani sinadarin ƙamshi na huɗu. Saboda haka tsohuwar da ke cewa a danna kanumfari a haƙori mai ciwo tana da hujja. Abin da nake gani a wurin aiki shi ne mutum ya jiƙa auduga da tsantsar man ya kwana da ita a baki, ya zo da dasashi a ƙone fari sol, ruɓar da ke cikin saiwar haƙorin kuma tana nan daram, domin man bai kai can ba.

Baban_Ummi:
To ai kun dawo kan maganata, tunda likita da kansa ya ce suna amfani da shi.

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa ga kowa daga Nijar. Kuna ta maganar itatuwan da aka kawo daga ƙetare, kun manta da namu na daji. A wajenmu akwai nobe, ciyawa mai ƙamshi da ke fita a tudu, wadda masana ke kira Cymbopogon schoenanthus, kuma man irin da ke Afirka ta Yamma sinadarin fiferiton ne ya fi yawa a cikinsa. Akwai kuma bunsurun fadama, wanda kakata ke shimfiɗa busasshensa a ƙasan rumbu ta jera wake ta sake rufewa da shi, saboda warinsa yana korar ƙwarin wake. Abin da na lura da shi bayan karanta bayanin ɗalibar nan shi ne, rumbu ma rufaffen wuri ne kamar farantinta, ƙamshin ba ya samun hanyar gudu. Wataƙila a nan ne amfanin waɗannan mayuka ya fi kusa da mu, a cikin buhu da rumbu da tukunyar ajiye iri, ba a filin Allah ba.

Malamin_Kimiyya:
Wannan lura ce mai kyau, ɗan'uwa. Sai dai in ƙara da cewa sunan tsiro kaɗai ba ya gaya maka abin da ke cikin mansa. Ɗoɗɗoya babba, Ocimum gratissimum, tana da irin da yujinol ya fi yawa a cikinsa, tana kuma da irin da taimol ya rinjaya, wanda aka fi samu a nan Afirka ta Yamma, alhali a ido kusan ɗaya suke. Ƙasar da tsiro ya fito, da damina ko rani, da shekarun ganyen, da ko ɗanye aka tatsa ko busasshe, duk suna sauya ma'aunin. Shi ya sa ɗalibi a Zariya da ɗalibi a Yamai za su gwada tsiro mai suna ɗaya su samu sakamako mabambanci, kuma babu wanda ya yi kuskure. Duk binciken da bai saka man a na'urar rarrabe sinadarai ya faɗi kason kowanne ba, da wuya wani ya iya maimaita shi.

Manomin_Fadama:
Na gode ƙwarai, na ƙaru fiye da yadda na zata. Ramin da Baba Tsohon_Gandu ya ce zan haƙa in Allah ya kai mu rani. Amma har yanzu ba a amsa mini kai tsaye ba: idan na samu man na zuba a famfon feshi na fesa wa ciyawa, za ta mutu ko ba za ta mutu ba?

Malamin_Gona:
Za ta ƙone, Alhaji, amma ƙonewa daban mutuwa daban. A Amurka ana sayar da magungunan ciyawa da aka haɗa da man kanumfari ko na kirfa ko na ɓawon lemo ga masu noman da ba ya amfani da sinadaran masana'anta. Aikinsu irin wanda ɗalibarmu ta bayyana ne: man yana narkar da kakin da ke bayan ganye ya fasa tantanin ƙwayoyinsa, ruwan ciki ya tsiyaye, cikin 'yan sa'o'i ganyen ya yi yaushi ya yi baƙi, musamman idan rana ta take. Sai dai inda ya taɓa kawai yake kashewa, ba ya bin jijiya ya gangara saiwa kamar yadda maganin ciyawar kanti na gilaifoset ke yi. Ƙaramar ciyawa mai faɗin ganye da ba ta wuce ganye biyu zuwa huɗu ba, irin ƙashin yawo da ya fara fitowa, za ta mutu. Tofa da aya-aya da kiri-kiri, waɗanda ransu ke ƙarƙashin ƙasa, bayan mako biyu za su sake tofowa kamar ba a yi ba. Ko ciyawa mai siririn ganye irin harƙiya tana tsira, domin idon girmanta a ƙasa yake a lulluɓe. Kuma ba ya bambanta ciyawa da shuka. Idan ya taɓa wakenka shi ma zai ƙone.

Sannan mu yi lissafi. A ce za ka fesa lita 200 na ruwa a hekta ɗaya, ka tsarma man kashi 5 cikin ɗari, to lita 10 na tsantsar mai kake buƙata a feshi guda. Ɗanyen ganyen ciyawar shayi yana ba da mai ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa, wato sai ka yanki kusan tan biyu ko fiye na ganye, ka nemi itacen da za ka dafa shi, kafin ka samu na hekta ɗaya sau ɗaya. Kanumfari ya fi mai nesa ba kusa ba, yana ba da wajen kashi 15 cikin ɗari, amma daga Zanzibar da Madagaska da Indonesiya ake kawo shi, kuma kowa ya san farashin mudunsa a kasuwar Kurmi. Da wannan kuɗin ka biya 'yan ƙwadago noman firi da maimai har ka samu canji.

Hajiya_MaiHumra:
Lita goma a ciyawa! Ni da nake auna shi da murfin kwalba, wannan lissafin ya sa na dafe ƙirji.

Manomin_Dawa:
Ni damuwata ƙuduji ce, wadda wasu ke ce wa wuta-wuta. Ta cinye mini gonar dawa shekara uku a jere. Tunda an ce waɗannan mayuka suna hana iri tsirowa, ba za a iya zuba su a ƙasa kafin shuka su kashe irinta ba?

Malamin_Gona:
A faranti suna hana iri tsirowa, kuma an san yadda suke yi: siniyol da kafur suna tsayar da rabuwar ƙwayoyin halitta a bakin saiwa, sitral kuma yana wargaza zaren da ƙwayar ke amfani da shi wajen rabuwa. A ƙasar gona kuwa zafin rana yana kwashe su, yumɓu da taki suna riƙe wani kaso, ƙananan halittun ƙasa kuma suna cinye sauran cikin kwanaki. Irin ƙuduji kuma ba ya gaggawa. Ƙanana ne kamar ƙura, tushe ɗaya yana zubar da dubban goma, suna iya kwanciya fiye da shekara goma, kuma ba sa tsirowa sai sun ji sinadarin da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa. Man da ya gushe cikin mako ɗaya ba zai yi jiran irin da ke da haƙurin shekara goma ba. Inda yaƙin tsiro da tsiro ya yi nasara a kanta shi ne tsarin da cibiyar binciken ƙwari ta icipe ta ɓullo da shi a Kenya, na shuka wani tsiro dangin wake mai suna Desmodium a tsakanin layukan masara, kuma sinadaran da ke wannan aiki daga saiwa suke fita a hankali duk tsawon damina, ba masu tashi ba ne. Dawarka ma tana da nata makamin, sogoliyon, wani maiƙo da gashin saiwarta ke fitarwa mai danne ƙananan ciyayi. A yanzu abin da ke hannunka shi ne irin da ke jure ƙuduji, da karɓa-karɓa da waken suya ko gyaɗa, da taki, da tuge ta kafin ta yi fure.

MaiKaji_Gusau:
Ku ba ni dama in karkata zuwa kiwo kaɗan. Tun da Tarayyar Turai ta hana sa antibayotik a abincin dabbobi don ƙara musu girma daga farkon 2006, masu haɗa abincin kaji suka koma ga taimol da karbakrol da sinadarin kirfa, kuma irin waɗannan haɗe-haɗen suna shigowa kasuwarmu. Na yi amfani da ɗaya a ruwan shan kajina zagaye biyu. Kashinsu ya fi bushewa, warin ɗaki ya ragu, amma da cuta ta shigo a zagaye na biyu sai da na kira likitan dabbobi ya rubuta magani na sosai. Abin da ban gane ba shi ne, tunda mai ba ya haɗuwa da ruwa, yaya aka yi nasu ya narke fari kamar madara?

Ɗalibar_Bakteriya:
Yallaɓai, suna sa masa wani sinadari mai aiki irin na sabulu, wanda ke farfasa man ya zama ƙananan ɗigo da ke rataye a ruwa. Mu ma da irinsa muke tsarma shi a ɗakin gwaji. Wasu kuma suna lulluɓe ɗigon da sitaci ko ƙaro don kada ya tashi kafin ya isa hanji. Wannan dabarar ta lulluɓewa ita ce masu bincike ke gwadawa a ɓangaren ciyawa ma, don man ya riƙa fita sannu a hankali a cikin ƙasa. Abinci mai kitse da furotin yana shanye man, shi ya sa adadin da ya yi aiki a faranti ba ya isa a nama ko madara, idan kuma aka ƙara har ya isa, ɗanɗanon ya ɓaci.

Tsohon_Gandu:
Tunda 'yata ta ambaci ƙaro, ai wannan muna da shi, dakwara ce ke ba da shi daga Yobe har Jigawa. Alhaji Manomin_Fadama, ga shawara da ba za ta ci maka ko sisi ba. Ka sa ɗanka ya cika tukwane tara da ƙasar tsakiyar gona, uku ya rufe su da busasshen ganyen turare, uku da buntun gero mai kauri ɗaya da na ganyen, uku ya bar su haka, ya shuka gero ƙwaya ashirin-ashirin, ya ba su ruwa daidai wa daida, ya ƙirga tsiro bayan kwana goma. Idan na ganyen turare suka gaza na buntu, to sinadarin yana da hannu. Idan suka zo ɗaya, rufin ne kawai ya hana su haske.

Manomin_Fadama:
Na tura masa saƙon yanzu, ya ce zai zo hutun ƙarshen zango ya haɗa, har ya ƙara da cewa zai sa tukwane uku na ƙasar gindin bishiyar ita kanta. Baba, tambaya ta ƙarshe game da ramin nan: idan na datse saiwoyin, shekara nawa suke ɗauka kafin su sake shigowa gona, kuma datsewar ba za ta sa iskar farkon damina ta kayar mini da bishiyoyin ba?

Tsohon_Gandu:
Suna dawowa, saboda haka ba aikin sau ɗaya ba ne. Duk bayan damina biyu ko uku ka sake buɗe ramin ka duba. Kada ka haƙa dab da gindi, ka ja baya kamar taku huɗu, kuma gefen gona kaɗai za ka datse, ka bar ɗaya gefen da saiwar ƙasa su riƙe bishiyar. Ganyen da za a yi gwajin da shi kuma a debo wanda ya zubo a wannan makon, kada a haɗa da na bara da rana ta riga ta shanye masa ƙamshi.